Murar tsuntsaye tana kama mage? Kuma magen titi za ta iya kawo mana ita gida?

Tambaya: Likita, ina kiwon kaji 'yan kaɗan a bayan gida. Akwai maguna marasa masu su da suke yawo a unguwarmu, suna kwana wajen masu fige kaji, wani lokaci su tsallako mana katanga, jikokina kuma ba su da abin wasa sai su. Na ji a rediyo cewa murar tsuntsaye tana kashe maguna a ƙasashen waje. Gaskiya ne? Maƙwabcina ya ce a sa musu guba kowa ya huta.

Hajiya, abin da kika ji a rediyo gaskiya ne, amma shawarar maƙwabcinki ba ta kama hanya ba. Mage tana kamuwa da murar tsuntsaye, kuma idan nau'in mai zafi ne, wanda ake kira H5N1, sau da yawa ba ta tashi. Sai dai kusan duk inda aka bi diddigin lamarin, abin da ake tararwa shi ne wani abu magen ta ci: mushen tsuntsu, ko ɗanyen naman kaza da agwagwa, ko ɗanyar madarar saniyar da ke ɗauke da cutar. In har mage ta mutu da wannan ciwo a unguwarku, to ya riga ya shigo tun kafin nan, yana cikin tsuntsaye, ita dai ta rigaye ku cin karo da shi ne. Don haka inda ya kamata ki sa ido shi ne akurkinki da bolar da ake zubar da mushen kaji.

Kafin mu yi nisa, kada atishawar mage ta tayar miki da hankali. Yawancin magunan titi da za ki gani da majina da kwantsa a ido, musamman ƙanana, wasu ƙwayoyin bairos ne guda biyu na jinsin mage kaɗai suke damunsu, harfis da kalisi. Waɗannan ba sa kama mutum, ba sa kama kaza. Su ne ciwon yau da kullum. Wanda muke magana a kai daban yake, dangin infuluwenza ne rukunin A, kuma shi ne mai tsallaka iyaka daga wannan dabba zuwa waccan.

Asalin gidansa tsuntsayen ruwa ne na daji: agwagi, dinyoyi, da ire-irensu masu zama a fadama da bakin teku. A hanjinsu yake zama, ya fita ta kashi zuwa cikin ruwa, wani tsuntsun ya sha, kuma galibi ba ya sa su ko rashin lafiya. Haruffan nan H da N da kike ji sunayen wasu sinadarai biyu ne da ke jikin ƙwayar ta waje. Da H take manne wa ƙwayar halittar dabba ta shiga, da N kuma 'ya'yanta suke yanke kansu su fita. A tsuntsayen ruwa an san H iri 16 da N iri 9, su ne ake haɗawa a ce H5N1 ko H7N2 ko H3N8. Mafi yawansu masu sauƙi ne. Amma idan H5 ko H7 ta shiga gonar kaji ta daɗe tana yawo a cikin dubban kaji, takan rikiɗe ta zama mai zafi. Ita H5N1 da ta addabi duniya an fara ganin kakarta a jikin wata dinyar gida a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996, a shekarar da ta biyo kuma ta kama mutum 18 a Hong Kong, shida suka rasu.

Tsallakawa daga tsuntsu zuwa dabba mai shayarwa ba abu ne mai sauƙi ba, in da sauƙi ne da tuni mun ƙare. Akwai wani ɗan sukari a saman ƙwayoyin halittar hanyar numfashi wanda shi bairos ɗin yake kamawa, kuma ƙirarsa iri biyu ce. Ta tsuntsaye daban, wadda ta fi yawa a hancin mutum da maƙogwaronsa daban. Irin ta tsuntsaye tana nan a jikin mutum amma can cikin huhu, da kuma a ido, shi ya sa kama mutum yake yi mata wuya, in kuma ta samu ta kai huhun sai abin ya yi muni. Ga kuma zafin jiki: kaza tana wajen digiri 41, hancin mutum kuwa wajen 33 ne, bairos ɗin da ya saba da wancan zafin ba ya sakewa a nan sai ya yi wasu sauye-sauye. Ita mage Allah ya yi ta da ƙira biyun duka a hanyar numfashinta. Sannan mafarauciya ce. Mutum shaƙar ƙura yake yi a akurki, ita kuwa cinye tsuntsun take yi da huhunsa da hanjinsa da jininsa, tana cusa hanci a ciki. Yawan ƙwayar da take haɗiya a ci ɗaya ba a haɗa shi da na kowa.

An daɗe a fannin likitancin dabbobi ana ɗauka cewa infuluwenza ba ta yi wa dangin mage komai. Ƙasar Tailan ce ta rushe wannan zato. A ƙarshen 2003, lokacin da H5N1 take share kaji a can, damisa huɗu suka mutu a wani gidan zu da ke Suphanburi bayan an ciyar da su ɗanyun kaji. A watan Oktoba na 2004 abin ya faɗa wa gidan damisa na Sriracha, inda 147 cikin 441 suka mutu ko aka kashe su don a tsayar da cutar. A shekarar kuma wata magen gida ta mutu bayan ta ci mushen tattabara. Masu bincike a cibiyar Erasmus ta Rotterdam a ƙasar Holan, ƙarƙashin Thijs Kuiken, suka ce bari su gwada da kansu. Suka sa wa wasu maguna ƙwayar ta maƙogwaro, wasu suka ba su 'yan tsaki masu cutar suka ci, wasu kuma lafiyayyu aka haɗa su keji ɗaya da masu ciwon. Dukkan rukunin uku sun kamu. Da aka feɗe su, ba huhu kaɗai aka samu cutar ba, har da hanta da zuciya da ƙwaƙwalwa, kuma tana fita ta majina da ta kashi. Ki riƙe maganar ƙwaƙwalwar nan, za ta yi mana amfani a gaba.

A watan Fabrairun 2006 aka tsinci mushen mage a tsibirin Rügen na Jamus, inda tsuntsayen ruwa suke ta mutuwa, gwaji ya nuna H5N1. Hukuma ta ba da umarni mai ma'ana: a yankin da cutar take, a kulle mage a gida, kare kuma a riƙe shi da igiya. Amma tsoro ya riga umarnin isa, mutane a Jamus da Faransa suka yi ta kai magunansu lafiyayyu gidajen ajiye dabbobi suna cewa ba sa so. Babu mutum ko ɗaya da mage ta sa wa cutar a wancan karon.

Daga wajen 2020 wani sabon reshe na H5N1 ya bazu fiye da duk na baya, ya tsallaka Amurka ta Arewa a ƙarshen 2021, ya gangara ta Kudu, har ya kai yankin ƙanƙara na Antaktika. Da yawan tsuntsayen da ke faɗuwa, sai masu cin mushe suka shiga uku, daga yanyawa har dabbobin teku. A tsakiyar 2023 maguna suka fara mutuwa a garuruwan Foland masu nisa da juna. Zuwa 11 ga Yuli, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce samfuri 29 cikin 47 da aka gwada sun nuna cutar. Abin da ya ɗaure kai shi ne wasunsu ba sa ko leƙa waje, har sai da aka samu ƙwayar a ɗanyen naman kaza da ke firjin ɗaya daga cikin gidajen. Sanyin firji ba ya kashe ta, adana ta ma yake yi. A wannan lokacin kuma a Seoul ta Koriya ta Kudu, wani gidan ajiye maguna ya rasa 38 cikin 40, a gida na biyu kuma aka gano cutar a cikin abincin mage na kanti da aka haɗa da ɗanyen naman agwagwa.

Sai kuma wanda ba wanda ya zata. A watan Maris na 2024 shanun madara a Texas suka daina cin abinci sosai, madararsu ta ragu ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa kamar dakashi. An yi ta gwaje-gwajen cututtukan shanu ba a ga komai ba, don ba wanda yake neman murar tsuntsaye a hantsar saniya. A wata gona akwai maguna wajen 24 da ake zuba wa madarar shanun marasa lafiya. Cikin 'yan kwanaki kusan rabinsu suka mutu, bayan sun makance, suna tangaɗi, suna zagaya wuri ɗaya. Mutuwar magunan nan da ta tsuntsayen da ke gonakin tana cikin abin da ya sa likitoci suka ce a gwada H5N1, aka kuwa tabbatar a ranar 25 ga Maris. Ni a ganina wannan shi ne babban darasin lamarin gaba ɗaya: mage tana nuna ciwon da sauri kuma a fili, inda saniya take ɓoye shi.

To, su magunan titi fa, waɗanda ba wanda yake kai su asibiti? Bincike mafi kyau a kansu daga Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ya fito. A can ana kama magunan da ba su da masu su a yi musu fiɗiya a sake su, sai masu binciken suka riƙa ɗibar jininsu a lokacin, daga 2020 zuwa 2023. Cikin 701, an samu 83 da jininsu ke ɗauke da garkuwar da ke nuna sun taɓa haɗuwa da H5, wato kusan 12 cikin ɗari. Cikin magunan gida 871 kuwa, huɗu kacal. Waɗanda suka fi yawan alamar su ne mazauna dazuzzukan da aka keɓe, inda tsuntsayen ruwa suke. Abu biyu za ki ɗauka a nan. Magen da ke neman abincinta da kanta ta fi ta gida haɗuwa da cutar nesa ba kusa ba. Sannan waɗannan 83 da ransu aka kama su, sun kamu sun warke ba wanda ya sani. Adadin mutuwa mai ban tsoro da ake faɗa a labarai daga magunan da ciwo ya riga ya kayar har aka kai su gwaji yake fitowa. A binciken dai an ga wani abin: magunan gida sun fi nuna alamar H1, irin murar da mu mutane muke yi. Da alama daga masu su suka ɗauka.

Yanzu ga tambayar da ta fi damunki, ta jikoki. Lamarin da ya fi fitowa fili na mage ta sa wa mutum infuluwenza a birnin New York ya faru, kuma ba H5N1 ba ce. A ƙarshen 2016 maguna suka fara atishawa da tari a gidajen da birnin yake tara dabbobin da aka tsinta a titi ko aka yasar. Da farko an ɗauka irin majinar nan ce da aka saba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka aika samfuri ɗakin gwaji a Wisconsin, a watan Disamba amsa ta dawo: H7N2, murar tsuntsaye mai sauƙi, 'yar'uwar wadda aka sani a kasuwannin kaji masu rai na yankin tun wajen shekarar 2000. Ta bi keji-keji har ta kama maguna wajen 500. Karnukan da ke gidajen ba su kamu ba. Hukuma ba ta kashe magunan ba, ta kwashe su zuwa wani babban ɗakin ajiya a unguwar Queens aka killace su har suka daina fitar da ƙwayar, mafi yawansu suka warke, kaɗan ne suka mutu. An bincika ɗaruruwan ma'aikata da waɗanda suka ɗauki maguna zuwa gidajensu. Mutum ɗaya aka samu da cutar a lokacin, likitan dabbobi da ke aiki kusa da fuskar magunan yana ɗibar majinarsu, ciwon bai yi tsanani ba kuma ya wuce. Gwajin jini daga baya ya nuna wani ma'aikacin guda shi ma ya taɓa kamuwa.

Ki duba lissafin da kyau: maguna 500 masu ciwo a ɗaki rufe, mutane na wanke musu keji kullum, aka samu mutum biyu. Hatsarin yana nan, amma ƙarami ne, kuma yana kan mai rungumar mage mara lafiya, ba mai wucewa ta gefenta ba. Ki kuma lura da inda cutar take bin mage zuwa mage: New York, Seoul, gidan damisa na Tailan, duk wuraren da mutum ya cunkusa su ne. Haka a arewacin Italiya a 2009, lokacin annobar H1N1, murar mutane ta shiga wani wuri da aka tara magunan titi wajen 90, 25 suka mutu. Magen da take yawonta ita kaɗai a kan katanga ba ta cika samun wanda za ta shafa wa ba.

Abin da ya sa masana ba sa sakin jiki duk da haka, wani hali ne na wannan bairos. Kundin halittarsa ba a dunƙule yake ba, gutsure takwas ne. Ki ɗauka littafin warƙa ne irin na zaure, mai warƙa takwas da ba a ɗinke ba. In littafi biyu suka zube a tabarma ɗaya aka tattara cikin gaggawa, sai a tashi da na uku, warƙa biyar daga wannan uku daga wancan. Haka yake faruwa idan murar tsuntsu da murar mutum suka haɗu a ƙwayar halitta ɗaya: ana iya samun sabuwa mai fuskar da jikin ɗan Adam bai taɓa gani ba, da kuma iya yaɗuwa irin ta mutane. Annobar mura ta 1957 da ta 1968 ta haka suka samu, ta 2009 kuma haɗin na alade da na tsuntsu da na mutum ce. Alade ne aka fi sani da wannan aiki, don yana ɗaukar iri biyun kuma ana tara shi da yawa. Mage ma mun ga tana ɗaukar biyun, ga shi tana cin mushe da dare ta kwana a kan gadon yara da rana. Ban da haka, duk lokacin da ƙwayar ta hayayyafa a jikin mai shayarwa tana samun damar sabawa. Ƙwayoyin da aka ciro daga magunan Foland suna ɗauke da sauyin da ke taimaka mata aiki a jiki mai ƙarancin zafi. Ni dai ba na sa mage a sahu ɗaya da alade ko gonar shanu dubu, domin yawanta bai kai ba kuma H5N1 takan kashe ta da wuri. Amma ba dalilin da zai sa mu riƙa miƙa wa ƙwayar dama kyauta.

Mu ma nan mun ga yadda dangin wannan cuta suke yi. Masu jakuna a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar ba za su manta ƙarshen 2018 zuwa 2019 ba, lokacin da tari da majina suka yi ta kayar da jakuna da dawaki. Infuluwenzar dawaki ce, H3N8. Irinta ce ta tsallaka zuwa karnukan tsere a Florida, aka gano a 2004, ta zauna ta zama murar karnuka. Wata kuma, H3N2, daga tsuntsaye ta shiga karnuka a Asiya, daga karnukan ta kama maguna a gidajen ajiya na Koriya da na Amurka.

Ita H5N1 kuwa a arewacin Najeriya aka fara tabbatar da ita a kajin Afirka, a wata babbar gona da ke Jaji a jihar Kaduna, aka sanar ranar 8 ga Fabrairun 2006. Kafin watan ya ƙare ta kai Kano da Filato, ta tsallaka Magarya a jihar Damagaram. A farkon 2007 ta kashe wata budurwa 'yar shekara 22 a Legas. Ta lafa, ta dawo a 2015, ta sake dawowa a 2021. Ga fadamun Haɗejiya da Nguru da tafkin Cadi da tsuntsaye masu ƙaura suke sauka duk hunturu, ga kasuwannin kaji masu rai a kowane gari. Cutar ba baƙuwarmu ba ce.

Ki je wajen masu fige kajin nan da kika ambata gab da magariba ki tsaya ki kalla. Tukunyar ruwan zafi ta koma ruwan ƙasa, gashin kaji ya jiƙe ya manne a ƙasa, jini ya bi 'yar kwata ya daskare. A gefe an tara hanji da huhu da kawuna a tsohon bokiti, kazar da ta mutu a keji tun rana kuma an wurga ta bayan rumfa. Masu aiki na tashi, maguna za su sauko daga rufin kwano, muzuru ya ja hanji ya shige ƙarƙashin tebur, uwa ta ɗauki kai ta kai wa 'ya'yanta. Duk abin da masu binciken Rotterdam suka sha wahalar shiryawa a ɗakin gwaji, ga shi nan ana yi kullum. A ranar da kaji masu cutar suka shigo kasuwar, ba sai an tambaya wa zai fara kamuwa ba.

Shi ya sa guba ba ta warware komai. Bokitin hanjin yana nan, mako biyu ba za a yi ba wasu magunan za su zo daga unguwar gaba su gaji wurin. Kafin su zo ɓeraye sun samu sarari, su kuma suna shiga akurki su ci dusa su yi fitsari a ciki. Gubar da aka zuba a nama ba ta san mage ba, kare zai ci, kajinki masu kiwo za su tsattsaga, angulu za su ci mushen, kuma ba a rasa yaro mai rarrafe a lungu. Sannan kin rasa mai yi miki gargaɗi: in maguna uku suka faɗi a mako ɗaya bayan an zuba guba, wa zai yi tunanin gwaji? Balle mu da aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ta hana ta abinci. Ki gaya wa maƙwabcin naki haka, cikin lalama.

Aikin da ke gabanki a kan mushe yake. Kazar da ta mutu da kanta kada a jefa ta bola ko kwata, kada a ba kare ko mage, kada kuma a yi saurin yanka mai ciwo don kada a yi asara. Wajen yanka da figa da feɗewa ne mutane suka fi kamuwa. A sa leda a hannu a ɗauke ta, a ƙone, ko a haƙa rami mai zurfin da kare ba zai tone ba a binne. In kaji suka fara zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, zankonsu ya yi shuɗi-shuɗi, fuska ta kumbura, ƙafafu suka yi ja kamar an ƙuje, to a daina fitar da kaza ko ƙwai daga gidan a sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha. Ido ba ya iya raba ta da cutar Niyukasil da ke share kaji da hunturu, sai gwaji, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom tana yin sa. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran, agwagi kuma kada su haɗa mazubin ruwa da kaji, don sukan ɗauki cutar ba su nuna ba. In kina so ki ba maguna kayan ciki, ki tafasa tukuna. Zafin digiri 70 har tsakiyar nama yana kashe ƙwayar, don haka dafaffiyar kaza da dafaffen ƙwai da tafasasshiyar madara ba abin tsoro a cikinsu.

Magen da H5N1 ta kama ba ta ɓoyuwa. Jiya lafiya lau, yau ta ƙi abinci ta lafe a lungu jiki zafi. Kafin kwana biyu numfashi ya yi nauyi har tana buɗe baki, ido da hanci na zuba. Sai alamun ƙwaƙwalwar nan su biyo: tangaɗi kamar mai maye, karkata kai gefe guda, zagaye, karo da bango don ba ta gani, rawar jiki da sanƙarewa. Wannan hoton kusan ɗaya yake da na ciwon haukan kare, wanda shi ma yana kama mage, kuma a ƙasarmu shi ne ya fi kusa, shi ne kuma ba ya barin wanda ya nuna alamarsa. Saboda haka hukuncinsu ɗaya: ba a ɗaukarta da hannu, ba a barin yara su matso don tausayi. A kifa mata kwando ko kwali a ɗora dutse, a kira likitan dabbobi. In ta mutu a binne ta kamar yadda na faɗa a kan kaza, a wanke wurin da sabulu sannan a bi da ruwan bilic. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allurar haukan kare, kada ya jira ya ga abin da zai faru.

Jikoki kuma ba sai an raba su da mage gaba ɗaya ba. A koya musu kada su sumbace ta ko su ci abinci tana lasar kwanon, su wanke hannu bayan wasa, wadda ba ta da lafiya kuma ko mushe su kira babba. In akwai taku ta gida, lokacin da aka ji kaji na mutuwa a gari a riƙe ta a ciki a ƙosar da ita, don babu allurar rigakafin wannan cuta ta maguna a kasuwa. Ke ma in kina fama da mura mai zazzaɓi, ki ɗan nisance ta. Duk wanda ya taɓa kaza ko mage da ake zargi ya sa ido a kan kansa kwana 10. In zazzaɓi ko tari ko jan ido ya zo, ya je asibiti ya faɗa wa likita da bakinsa cewa ya taɓa mushen kaza ko mage mai ciwo, domin in bai faɗa ba maganin maleriya za a rubuta masa. Akwai maganin infuluwenza mai suna oseltamivir, kuma ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana biyun farko.